Ranar Tayar da Tsohuwa

Rigimar ta samo asali ne a kan teburin cin abinci, ranar da jikarmu Tahlia ta ce ita ba za ta shiga motar haya ranar aurenta ba, a Tsohuwa za a kai ta coci. Tsohuwa motar mijina Kelvin ce, koriya mai silinda takwas, ya saye ta tun kafin mu haifi Brenton, uban ita Tahlia ɗin. A garinmu nan cikin karkarar Mallee, motar amarya ana ɗaura mata farin ƙyalle daga hancin bonet zuwa tagogi, kuma in ba a jiyo rurinta tun daga kwanar rumbunan alkama ba, tsofaffin da ke tsaye a ƙofar coci sai sun yi ta gunaguni har a tashi. Tahlia ta rungume wuyan kakanta ta ce so take gilasan cocin su yi rawa. Shi kuwa daman kaɗan yake jira. Nan take ya ce zai sake wa motar kamshaf, ya sa mata mai manyan tozaye.

Ni ba bakanikiya ba ce, amma macen da ta shekara arba'in da ɗoriya tana kai shayi gareji, tana riƙe tocila, tana shan faɗa in hasken ya kauce, dole ta san wani abu. Kamshaf sanda ce mai tozaye da ke juyawa a cikin inji. A kan kowane tozo akwai ɗan ƙarfe zaune, bai wuce babban yatsa ba, shi ake kira tafet. Tozo ya ɗaga shi, shi kuma ya sa bawul ya buɗe, inji ya sha iska. Guda sha shida ne a cikin Tsohuwa.

Brenton ma bakanike ne, manyan motoci yake gyarawa a Bendigo, don haka da uban ya ambaci kamshaf shi ma ya ajiye cokali. Ya ce in dai za a yi, a sayi irin na zamani, wanda tafet ɗinsa ke da 'yar taya a gindi, yana mirginawa a kan tozo maimakon gurza, kuma mai ne ke daidaita shi. A sa, a rufe, a manta. Kelvin ya ce wannan na masu tsoron baƙin farce ne. Shi irin na da yake so, mai shafaffen gindi, tsuran ƙarfe, wanda mutum ke daidaitawa da hannu ɗaya bayan ɗaya, yana jin 'yar ƙararsa kamar ta keken ɗinki. Brenton ya ce shafaffe ba ya yafe kuskure. Kelvin ya ce to wa ya faɗa masa za a yi kuskure. Suka yi ta yi har nama ya huce, ni kuwa na san ba tafet ne ke damun Brenton ba.

Kafin su tafi ya same ni a wajen igiyar shanya. Ya tuna mini da injin yankan ciyawar maƙwabciyarmu, wanda Kelvin ya juye wa mai ya mayar mata babu ko ɗigo a ciki. Ya tuna mini da ranar da aka tsince shi a bakin gidan waya yana neman motar da ya bari a gida. Ya tuna mini da abin da likita ya faɗa a Swan Hill game da mantuwar nan, sai ka ce ba ni ce na zauna kusa da Kelvin ina riƙe masa hula ba. Tun daga lokacin Brenton ke son a sa wa garejin kwaɗo, ni kuma na ce sai dai bayan raina. In ka raba Kelvin da gareji, ba abin da ka bar masa sai kujera da talabijin.

"To Mama, mu yi haka," in ji shi. "A bar shi ya yi aikin nan shi kaɗai, yadda yake so, da irin tafet ɗin da yake so. In inji ya tashi lafiya, na yi shiru, ba za ki ƙara jin maganar kwaɗo a bakina ba. In kuwa aka samu matsala daga hannunsa, ba za ki tare ni ba."

Na ce na yarda, har na ƙara masa da cewa ya ajiye kuɗin kwaɗonsa ya saya wa 'yarsa furanni. Ban ji ko ɗar ba. Kan Kelvin na iya manta inda ya ajiye tabarau, amma ni a ganina hannunsa ba ya mantuwa.

Kaya suka iso ta gidan waya, kamshaf a dogon kwali, tafet a ɗan ƙarami mai nauyin tsiya. Dokar Kelvin a nan guda ce, ya cusa ta a kan Brenton tun yana yaro, ya cusa wa rabin samarin garin: sabon kamshaf sai da sabon tafet. Tsohon tafet ya riga ya saba da nasa tozon, sun ci juna sun daidaita. Ka ɗora shi a kan sabo, sai ya kama gurzarsa, kafin ka ankara tozon ya zama sumul, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga kowace kafa ta inji, shi ke nan an gama. Su kuwa tsofaffin ba a zubar da su a jibge. A kwalin ƙwai ake jera su, kowane rami da lambarsa, don in wata rana an so mayar da tsohon kamshaf kowane ya koma mazauninsa. Kwalayena biyu ya kwashe a kicin ba tare da ya tambaya ba, kamar yadda ya saba.

Ya rufe kansa a gareji ya yi aikinsa. Ba ya son a tsaya masa a ka, ni ma ya ce in ajiye shayi a bakin ƙofa in kama gabana, don kar Brenton ya ce wai an taimaka masa. Na ji haushi, amma na fahimta.

Aka sa ranar tayar da injin a tsakiyar makon bikin. Tayar da inji mai sabon kamshaf ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma a garinmu ba a yi ba tare da 'yan kallo ba. Da zarar ya tashi, ba a barinsa ya yi silo, ba a kuma kashe shi, sai an riƙe totur sama-sama kusan rabin awa, har tafet da tozo su saba da juna. Wani na riƙe da totur, wani ya zuba wa agogon mai ido, wani na fesa wa lagireto ruwa da tiyo, wani na tsaye da tukunyar kashe gobara. Sauran kuma su riƙe giya su ba da shawarar da ba wanda ya tambaya. Tun da hantsi Alby, abokin Kelvin tun na makarantar firamare, ya iso da kularsa. Maƙwabta suka fara tsallako shinge. Brenton da Tahlia suna kan hanya.

Kajina ne suka jawo komai. Sun yi ƙwai har kwando ya cika, ba ni da inda zan jera su. Na ce bari in leƙa gareji, in roƙi Kelvin ya nemo wa tsofaffin ƙarafansa wani wuri ya ba ni kwalayena, ko da sun yi baƙi. Maza duk suna waje wajen murhun gasa nama. Na tarar da kwalayen a kan benci, ta hannun hagu, a rufe. Na ɗaga na farko, sai na ji shi sakayau. Na buɗe. Ramuka ne kawai da tabon baƙin mai, da lambobin da ya rubuta da fensir. Na biyun ma haka.

Da farko na ce ya zubar da su. Sai na tuna Kelvin ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya zubarwa. Na duba kwandon shara, na duba durowa, na duba tsohon gwangwanin fenti da yake tara tarkace. A bayan rediyo, ƙarƙashin wani tsumma, na ga ɗan kwalin nan da ya zo ta gidan waya. Ledar da aka naɗe shi da ita ko huda ta ba a yi ba. Na ɗauka, nauyinsa na nan yadda ya zo.

Na jima tsaye ina kallon Tsohuwa. An goge ta tas, injin a rufe, kowane noti yana ƙyalli. Ba mai cewa akwai wani abu a ciki da ba daidai ba.

Na sa kwalin a ƙarƙashin rigar sanyina, na fita na yafito Kelvin. Alby ya ce a bar tsofaffi su je su yi soyayyarsu, aka yi dariya. Na ja shi bayan tankin ruwan sama inda ba mai ganinmu, na miƙa masa kwalin.

Ya juya shi, ya karanta rubutun jikinsa, ya ce wa ya sayo wasu kuma, ko Brenton ne da shisshiginsa. Na ce masa ba wasu ba ne, su ne. Na ce kwalayen ƙwan babu komai a ciki. Nan ya hau ni da faɗa, ƙasa-ƙasa don kar a ji. Wai yaushe na zama bakanikiya, wai wa ya aike ni bincike a bencinsa, wai ya haɗa inji tun kafin in iya dafa ƙwai. Na bar shi ya yi, don na san faɗan nan ba da ni yake ba. Yana cikin yi sai ya tsaya. Ya sake auna kwalin a tafin hannunsa. Ya zauna a kan bulon da ke gindin tankin.

"Suna hannun hagu," ya ce. "Kullum a hannun hagu nake ajiye su. Na ɗauki na ɗaya na sa a rami na ɗaya, na biyu a na biyu. Har murna na yi, Noelene, da na ga ban ruɗa ko ɗaya ba."

Hannun nan da na dogara da shi, shi ya yi aikin. Ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru, ya mayar da kowane ƙarfe gidansa, kai kuwa bai ce masa uffan ba. Na ga idanunsa sun kaɗa. Tausayinsa ya kama ni, amma ba lokacin kuka ba ne, ina jiyo ƙarar motar Brenton tana shigowa.

Ya tambaye ni ko wani ya gani. Na ce ba kowa. Sai ya ce to ga yadda za a yi. Zai ce musu ya ga manifol, wato ƙarfen da ke rufe tafet ɗin daga sama, yana yoyo, ba za a tayar yau ba. Su ci namansu su sha giyarsu su watse. Da la'asar ni da shi mu buɗe, mu sauya, gobe a tayar. Tunda injin bai taɓa juyawa da wuta ba, kamshaf ɗin lafiyarsa ƙalau. Yoyon manifol kuwa yana samun kowa, ba wanda zai kira shi mantuwa. Ya riƙe hannuna ya ce in rufa masa asiri. Na ce ai ba sai ya roƙa ba.

Na wuce kicin, na ajiye kwalin a kwandon burodi na rufe shi da tawul. Tahlia ta shigo ta sumbace ni, ta nuna mini farin ƙyallen da ta sayo, ta fita wajen kakanta. Na hau yankan albasa, hankalina ya ɗan kwanta. Har na fara tsara abin da zan faɗa wa Brenton in ya tsananta tambaya a kan yoyon. Ban gama kwano ɗaya ba na ji Alby yana kiran a buɗe famfo, tiyo ba ruwa. Sai na ji an ja manyan ƙofofin gareji duka biyu.

Na saki wuƙa, na suri kwandon burodin na fita. Ban san dalilin da ya sa na ɗauke shi ba, ƙila don kar in bar shi inda wani zai buɗe.

An riga an turo Tsohuwa bakin ƙofa don hayaƙi ya fita. Kowa ya kama wurinsa. Alby na gaba da tiyo, wani maƙwabci da tukunyar kashe gobara, Tahlia ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Brenton yana zaune a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje. Kelvin kuwa yana sunkuye a kan inji da ɗan gwangwanin fetur, yana ɗiga wa kafireta, yana ba Alby labarin da ya ba shi sau ɗari, na ranar da girarsa ta ƙone a irin wannan aikin. Dariya yake yi har da riƙe kafaɗar motar.

Na ce a raina wasa yake, yana jan lokaci ne kafin ya kawo maganar yoyon. Na matsa kusa da shi. Ya ɗago ya yi mini murmushi, ya ce yawwa, ga mai riƙe agogo ta zo, in tsaya nan in faɗa masa in rabin awa ta cika. Na kalli cikin idanunsa sosai. Jan da suka yi ɗazu ya washe. Babu tanki a ciki, babu kwali, babu komai.

"Kel," na ce a hankali, "manifol ɗin fa?"

"Me ya same shi?"

"Ba ka ce yana yoyo ba?"

"Yoyo kuma? Da hannuna na ɗaure shi, Noelene. Matsa baya kar fanka ta kama miki riga."

Alby ya ce wannan matar tun da aka yi aurensu take neman abin da zai raba Kelvin da motar nan, yau ma ba ta haƙura ba. Aka sake dariya. Brenton bai yi ba. Ya kalle ni ta gilashi, ya kalli ubansa, sannan ya sa makulli a mazauninsa.

Na yi ƙoƙarin sake jan Kelvin gefe. Na kama hannun rigarsa na ce ya zo minti ɗaya kawai. Ya fizge, ya ce an riga an zuba fetur, an shafa wa kamshaf mansa, ba a barin inji yana jira a wannan halin, duk abin da ke bakina ya jira rabin awa. Ya ɗaga hannu sama yadda yake yi in zai ba da umarni, ya ce wa Brenton da ya sauke hannu ya murza, kuma in ta kama kar ya kuskura ya saki totur.

Abin da ya zo mini a wannan ɗan tsakanin ba abin kirki ba ne, amma ya zo. In na yi shiru, injin zai tashi. Zai yi ruri mai daɗi, kowa ya tafa. Ƙila ya ɗauki rabin awar nan bai nuna komai ba, ƙila ma ya kai Asabar, ranar bikin. Ranar da tozayen suka cinye kuwa, ba wanda zai zargi Kelvin. Man inji na yanzu ba shi da ƙarfin na da, kowa a garin nan ya san wannan ƙorafin, Alby da kansa ya taɓa asarar sabon kamshaf haka kuma ba wanda ya ce ya tsufa. Tafet ɗin da ya gurzu ya lalace, wa zai tsaya tantance sabo ne ko tsoho? Kwalin yana hannuna, rijiyar bayan gida tana da zurfi. Brenton mai cika alkawari ne. Garejin zai zauna a buɗe.

Zan so in ce tunanin Tahlia ne ya hana ni, tsaye a gefen titi cikin farar riga da matacciyar mota. Ko tunanin Tsohuwa, da garin ƙarfe yana cin boris ɗinta. Na yi tunaninsu, amma da su kaɗai ne da na iya haɗiyewa. Abin da idona ya sauka a kai shi ne jak da ƙafafun ƙarfen nan huɗu da ke jingine a bango. A kansu motar ta tsaya duk kwanakin nan, shi yana kwance a ƙarƙashinta, ƙofa a rufe, ni ina ajiye shayi a waje. Mutumin da aka nuna wa abu a tafin hannunsa, ya zauna ya kusa kuka a kai, kafin a yanka albasa kwano ɗaya ya goge. Wace rana ce hannun zai cire ƙafar ƙarfe, kai kuwa bai ce masa har yanzu akwai mutum a ƙasa ba? Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Hannun Kelvin ya fara saukowa.

"Brenton, cire hannunka daga makullin nan."

Ban ɗaga murya ba, amma ya ji, kowa ya ji. Ya cire. Na yaye tawul, na fito da kwalin na ɗora a kafaɗar motar, daidai gaban Kelvin. Ruwan tiyo na ta zuba a kan takalmin Alby bai lura ba.

Ba sai an yi wa mutanen wurin bayani ba. Duk wanda ke tsaye a nan ya san me rufaffen kwalin tafet ke nufi a gefen injin da aka riga aka rufe, yawancinsu ma a bakin Kelvin suka koya. Tahlia ta sauke wayarta. Brenton ya fito daga motar, ya je benci ya buɗe kwalayen ƙwan, ya rufe su.

Kelvin ya ɗauki kwalin ya juya, ya karanta rubutun jikinsa. Ya ce wa ya sayo wasu kuma. Ya auna shi a tafin hannu. Na tsaya ina kallon abin yana sauka a fuskarsa a karo na biyu, daki-daki kamar na farko, sai dai yanzu a gaban abokansa da ɗansa da jikarsa. Ya ajiye gwangwanin fetur a ƙasa a hankali. Sannan ya juyo gare ni.

"Kin sani tun ɗazu?"

Na ce eh.

"Shekara nawa muna tare, Noelene? Da ba sai ki ja ni gefe ki faɗa mini ni kaɗai ba? Sai a gaban mutane?"

Amsar tana kan harshena. Da na faɗa, da kowa a wurin ya san iyakar inda abin ya kai, shi ma ya sani. Na haɗiye ta. Na ce masa ya yi haƙuri.

Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da wani aikin da ya bari a gida. Nama ya ƙone a kan murhu. Alby ya kashe famfo, ya naɗe hannun riga, ya ce wa Brenton ya miƙo masa sifana, ai yini bai yi nisa ba. Su biyu suka cire manifol. Tsofaffin tafet ɗin na nan a jere, kowane a raminsa, ko ɗaya bai kauce ba. Suka fitar da su, suka shafa wa sababbin mai suka sa. Kelvin ya zauna a kan wani gwangwanin mai daga gefe. Da aka zo daidaitawa Brenton ya miƙa masa ma'aunin ya ce Baba ai wannan aikinka ne, shi kuwa ya girgiza kai.

Da la'asar Tsohuwa ta tashi. Ta yi rabin awarta lafiya, allurar mai ba ta ko motsa ba, 'yar ƙarar nan ta keken ɗinki tana fita tsaf yadda yake so. Kajina suka tsere ƙarƙashin gida. Brenton ya ce gaskiya shafaffun nan suna da daɗin ji, ya faɗa da ƙarfi don uban ya ji. Ni ce na riƙe agogo.

Ranar Asabar aka jiyo ta tun daga kwanar rumbunan alkama. Brenton ne ya tuƙa, Kelvin ya zauna a gaba cikin kwat ɗinsa, Tahlia a baya. Ta yi kyau, na yi kukan da kakanni ke yi. A wajen cin abinci Kelvin ya yi rawa da amarya, ya yi da uwar ango, ya yi da matar Alby. Da ni bai yi ba.

Washegari kafin ya kama hanyar Bendigo, Brenton ya sa kwaɗon. Bai yi da gadara ba. Ya miƙo mini makullin, na ce ya tafi da shi, ba na son ya kwana a gidan nan. Ban tare shi ba, kamar yadda na yi alkawari.

Yanzu Kelvin ba ya tuna maganar tafet. Na gwada shi a fakaice, babu ita. Yana tuna bikin gutsi-gutsi, yana faɗa wa duk wanda ya zo cewa shi ya haɗa injin da ya girgiza coci, ni kuma ina cewa haka ne. Kwaɗon ma ya daina tambaya a kai, in ya gan shi sai ya juya. Na ɗauka tunda komai yana gogewa, wannan ma zai goge. Amma in na shigo ɗaki sai ya yi shiru. In na zauna kusa da shi sai ya ɗan matsa.

Jiya da yamma na kai masa shayi baranda. Ya karɓa bai dube ni ba. Na juya zan koma ciki sai ya kira sunana.

"Akwai abin da kika yi mini, ko?"

Na ce akwai.

"Na rasa mene ne. Ina ta nema." Ya juya kofin a hannunsa. "Babba ne?"

"Babba ne, Kel."

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka tabbatar wa abin da ya riga ya sani. Sannan ya tashi ya ja kujerarsa zuwa can ƙarshen baranda, ya zauna ya ba ni baya, ya sha shayinsa.